Mayafin da Na Yi wa Hawainiya

Jikana Rayyan ne ya jawo wannan magana, kuma shi da abokansa nake rubuta wa, in har akwai mai iya karanta Hausa a cikinsu. Ranar wata Juma'a bayan an ci abinci a gidan 'yata a unguwar Shisha a nan Makka, ya miƙo mini wayarsa yana dariya har da riƙe ciki. Hotunan bangon kaset ne na zamanin da, an bi jikin mawaƙa mata da baƙin alƙalami an damalmale, wata ma an shafe ta tun daga haɓa har ƙafa kamar an tsoma ta a buhun gawayi. Ya ce, "Sidi, esh hada? Kaka, mene ne wannan? Wai wannan ne shugul ɗinku, aikin da kuke yi a da? Wallahi ni da waya minti ɗaya na gama." Wani abokinsa da ke wurin ya ƙara da cewa ko yaron da bai shiga makaranta ba, shi ma zai iya.

Raina ya ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba. Wancan damalmalen aikin shagunan da ba su da mai gyara ne, masu sayen alƙalami ɗaya su ba ɗan aike ya shafe. Ni sunana Idris, shekara goma sha ɗaya na yi ina sa wa hotuna tufafi da buroshi, kuma aikina idan ya yi kyau babu wanda yake sanin an yi shi. Shi ya sa ba ku gan shi a wayarku ba. Wanda ya lalace kawai ake ɗauka a yaɗa.

A unguwar Utaibiyya aka haife ni. Mahaifina daga ƙasar Katsina ya zo aikin hajji ya zauna, ya ci gaba da sana'arsa ta fawa. Ta hanyar fawar na shiga gyaran hoto. Akwai wani dattijo a layinmu, Usta Bakur, shi ma jinin Hausawa ne amma kakansa ne ya zo, yana da takardar ɗan ƙasa da shagon kaset. Duk mako yakan aiko a karɓar masa madaciyar bijimi a wajen mahaifina, ni nake kaiwa. Na daɗe ina zaton magani yake haɗawa. Ran da na tambaye shi, sai ya shigar da ni ɗakin baya, ya ɗauko bangon faifai mai sheƙi ya shafa masa fenti, fentin ya tattare ya zama ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan ganyen gwaza. Ya ɗiga ruwan madaciyar a cikin fentin ya sake shafawa, sai ya kwanta lumui. Ina ɗan shekara goma sha bakwai a lokacin, kuma ban sake komawa teburin nama ba.

Ga yadda sana'ar take. Faifan garmaho na asali yana shigowa ta Jidda, a hannun ma'aikatan jirgi da ɗalibai masu dawowa daga waje. A gaban shago akwai injin da yake kwafe waƙoƙin zuwa kaset. A baya kuma mu ne, aikinmu bangon. Ba a yarda a ajiye hoton mace da kafaɗa a waje ko gashi a buɗe a kan kanta ba, to sai mu ɗauki bangon asali, wanda sau da yawa guda ɗaya tak ne a garin, mu zana mata riga da mayafi a kansa. In ya bushe a kai wa mai ɗab'i a Jidda ya ɗauki hotonsa ya ƙanƙanta, ya bugo mana daidai akwatin kaset. Kuskure ɗaya a kan bangon asali ba ya gyaruwa, domin fentin yana cin sheƙin takardar.

Shekara guda cur ban taɓa hoton mutum ba. Usta yakan rataya gyale a kan kujera ya ce in zana, in na gama ya juya kujerar ya ce in sake. Ya tura ni wata biyu in zauna wajen wani tela a bayan masallacin unguwa, ba don in koyi ɗinki ba, don in ga inda hannun riga yake tattarewa idan an lanƙwasa gwiwar hannu. Kayan aikin ba su da yawa: buroshi uku masu laushi, ƙaramin cikinsu gashinsa bai fi a ƙirga ba, da fentin ruwa mai kauri, da reza, da auduga, da gilashin ƙara girma, da wani tsohon buroshin haƙori. Wannan na ƙarshen shi ne sirrin. Hoton da aka buga yana da ƙananan ɗigo a jikinsa, fenti kuwa sumul yake, saboda haka in ka gama riga sai ka rufe fuskar da takarda, ka tsoma buroshin haƙorin ka karce shi da farce ya yi feshi, rigar ta ɗauki irin tsakin hoton. Launi kuma da safe kawai ake haɗawa, a bakin taga, domin hasken fitila maƙaryaci ne. Ga zafin Makka, fenti yana bushewa a bakin buroshi kafin ka kai hannu. In ka kunna na'urar sanyi ta hura maka ƙura a kan aiki. Haka muke zama cikin gumi, da tsumma ɗaure a goshi don kar ya ɗiga a fuskar mutane.

Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai hoton wata mawaƙiyar Labanan ce, tana tsaye a bakin teku da riga marar hannu. Kwana huɗu na yi a kanta. Na kai masa ina jin kaina, ya duba bai fi ƙiftawar ido ba ya ce, "Ya waladi, ɗana, rana tana ina a hoton nan?" Na ce tana dama. Ya ce, "To me ya sa inuwar rigarka take dama ita ma? Rana biyu ce a garinsu?" Bangon nan ya tafi kwandon shara, kuma wata uku suka wuce kafin ya sake ba ni mutum.

Masu sayen kayanmu iri-iri ne. Direbobin tasi suna son na Sudan da na Masar, kuma su ba sa kallon bango. Alhazanmu suna neman karatu da wa'azi su kai tsaraba, wani ya faki ido ya ce a sa masa na Indiya ɗaya a ƙasan leda. Ɗalibai su ne masu neman na Turawa, ba su da yawa amma ba sa ciniki. Duk wannan kasuwa a kan takarda ɗaya take tsaye, ruksar shago, wato lasisin da yake rataye a bango cikin gilashi. Da ita Usta yake ci da gidansa, kuma takardar zamana a ƙasar ma a kan shagon take, tunda ni ban da ta ɗan ƙasa duk da a nan aka yanke mini cibi. Mufattish, mai duba shaguna, yakan zo da babban littafi. Duk sabon mawaƙi sai an rubuta sunansa a ciki, a rubuta namiji ne ko mace, a buga hatimi a littafin da kuma bayan samfurin bangon. Wanda aka kama yana sayar da abin da ya saɓa wa littafin, ruksarsa ce a bakin wuta.

Saboda haka aiki mafi muhimmanci a ɗakin baya ba zane ba ne, rabo ne. Muna da tire biyu, na maza da na mata. Na maza ba a taɓa su sai in mutum ya buɗe ƙirji. Usta da kansa yake rabawa, bai taɓa barin kowa ba, har shekarar da yanar ido ta rufe shi aka kwantar da shi a asibiti a Jidda. Ya bar mini mabuɗi, ya bar mini tire biyun.

A makon nan wani ma'aikacin jirgi ya kawo faifai shida daga Ingila. Biyar ba su da matsala. Na shidan na ɗaga na duba: gashi ja wur kamar an kwana da lalle, kwalli ya zagaye ido, jan baki, babu gira, ga wata matsattsiyar riga mai ƙyalƙyali da ta bar kafaɗa ɗaya a waje, ga takalmi mai tsini har gwiwa. Jiki siriri kamar sillen kara. An sunkuyar da kai, haɓa ta rufe wuya. Sunan da ke jiki kuma na ƙirƙira ne, ba ya nuna komai, ni ma harufan kawai nake kwafa. To ku da kuke dariya, ku gaya mini tsakani da Allah, a wane tire za ku sa? Na sa a kan injin na saurara, na ji murya siririya tana hawa sama, matan Masar da muke sayarwa ma sun fi ta kauri. Na jefa a tiren mata ban ko yi shakka ba.

Kwana shida na yi a kan bangon nan, kuma ban taɓa aikin da ya kai shi ba. Ban kashe ƙyalƙyalin rigar ba, na ɗauki launinta na ja shi ya rufe kafaɗar, na saukar da ita har ƙasa ta lulluɓe takalmin. Na yi mayafi ruwan toka mai shara-shara, na bar ɗan jan gashin yana leƙowa ta cikinsa kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Mufattish ya zo ya duba, ya rubuta "mace" a gaban sunan, ya buga hatimi, har ya ce, "Masha Allah, hannun Amm Bakur ba ya tsufa." Ban gyara masa ba. Duk abin da ya fita daga ɗakin baya da sunan Usta yake fita, haka al'adar take.

Kaset ya kwana tara a kan kanta kafin Faisal ya shigo. Faisal ɗan wani attajirin Shisha ne, yana karatu a Ingila, yakan zo hutu da wando mai faɗin ƙafa. Ya ɗauki kaset ɗin, ya kalla, ya sake kalla, sai ya zauna a ƙasa dirshan yana dariya har hawaye. Ya ce, "Ya Idris, min sawwa hada? Wa ya yi wannan? Wannan fa rijjal ne! Namiji ne, yana da mata, har da ɗa!" Na ce ƙarya yake. Ya fita mota ya ɗauko mujalla ya buɗe mini, ga mutumin nan a kan dandamali, kai a ɗage, zakaran wuyansa kamar ƙwallon goruba.

Shi ya ba ni labarinsa. Wai a can ana yin wani salon kiɗan jita mai ƙara, maza su sha kwalliya da ƙyalƙyali, kuma wannan shi ne gaba a cikinsu. Faifan ma labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe, na wani baƙo da ya zo daga sama ya zama mawaƙi, ɗaukaka ta cinye shi. Ya ce mutumin ba ya zama da fuska ɗaya, in ya gaji da wadda yake sanye da ita sai ya sanar a gaban jama'a cewa wancan ya mutu, ya ɓullo da wata. Daga ranar muka sa masa suna Hawainiya a shago. Zan faɗi gaskiya, daga baya na saurari faifan da kunnen basira, kuma mai kyau ne. Jitar kamar injin markaɗe take, amma akwai wata waƙa mai sanyi a ƙarshe da na shekara ina jin ta a kaina ba tare da na san me yake cewa ba. Wannan bai rage mini haushinsa ba ko kaɗan.

Usta ya dawo, aikin idon bai yi ba. Haske da duhu kawai yake bambancewa, amma ya hana a faɗa wa kowa. Yakan zauna a teburinsa da gilashin ƙara girma a hannu, in baƙo ya leƙo ya ga Usta yana aiki. Na rufe ƙofa na gaya masa abin da na yi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka duba zakaran wuya?" Na ce haɓa ta rufe. Ya ce, "Hannu fa? Gaɓoɓin yatsu?" Na gan su kuwa, na ma rage musu kauri da buroshi ina cewa a raina baiwar Allah ta sha wanki. Na ce mu je mu faɗa a gyara littafin. Ya ce, "Ka je ka ce musu me? Mun kawo musu namiji da jan baki mun sa masa mayafi sun buga hatimi? Shi mufattish ɗin da ya rubuta, kana ganin zai ce shi ya yi kuskure? Ruksa za su cire. Kalas, shi ke nan, tunda an rubuta mace, mace ce. Ka riƙe bakinka."

Da a ce mutumin nan mawaƙi ne irin na kowa, mai faifai ɗaya ya ɓace, da maganar ta mutu a nan. Ina! Duk bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya fito da sabo, ɗalibai su zo suna nema, kuma kowanne da sabuwar fuska. Tunda sunan yana littafi a matsayin mace, ko dai mu daina sayar da shi a tambaye mu dalili, ko in ci gaba da yi masa sutura. Na biyu ya zo fuska fari fat kamar an tsoma ta a gari, ƙirji a buɗe, ƙasusuwan wuya a waje. Wannan da sauƙi, na yi masa riga mai dogon wuya. Na uku ne ya fara ba ni wahala. Ya rame ya zama kamar tsinke, ya kwantar da gashi baya, ya sa 'yar falmaran baƙa, ga taba a tsakanin yatsu. Na mayar da tabar karan fure, na sa masa safar hannu baƙa don in ɓoye gaɓoɓin, na tausasa muƙamuƙin da inuwar mayafi. A na huɗu gefen fuska kawai aka ɗauka, hanci da haɓa a fili, har da alamar aski a kumatu. Kwana goma sha ɗaya na yi ina bin tsakin gemun nan ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin buroshi. Shi yana can yana canza kama don nishaɗi ana tafa masa, ni ina nan Utaibiyya cikin gumi ina biyan kuɗin sabulu. Kowane sauyi nasa ciwon wuya ne a wajena.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kaset ɗin suna tafiya sosai, kuma na san dalili. Faisal ya baza labari a cikin abokansa. Sukan saya bibbiyu, ɗaya na saurare, ɗaya na kai wa Ingila a yi dariya. In sun shigo sai su leƙo ɗakin baya su ce, "Ina telan amarya? Yaushe za a kai ta ɗaki?" Ba wanda ya taɓa cewa a cikinsu, kai, dubi yadda mayafin nan ya faɗi. Aikin da ya fi kowanne kyau a hannuna shi ya zama abin ba'a, kuma yabon da ya rage a wajen masu hatimi na Usta ne. Shekara takwas ina haɗiye wannan.

Sai muguwar shekara ta zo. An tsaurara komai, aka canza masu duba shaguna, aka kawo samari sababbi waɗanda ba sa shan shayin kowa. A layinmu kaɗai an rufe shaguna biyu, wasu suka kwashe kayan kiɗa suka koma sayar da karatu zalla. A daidai lokacin faifai na biyar ya iso. Na buɗe na ga mutum sak: kwat da wando, laktaye, gajeren gashi ruwan ɗorawa, ba kwalli ba jan baki, kamar ma'aikacin banki. Babu abin da doka ta hana a jikinsa. Usta ya ce, "Yaya ta fito bana?" Haka yake kiransa, da "ta", ko mu biyu ne. Na ce kamar kullum. Ya ce to a yi mata kamar kullum.

Zan iya. Kar wani ya ce aikin ne ya fi ƙarfina. Laktaye ba komai ba ne, abaya ɗaya ta shafe shi, kuma na riga na san muƙamuƙin nan fiye da na matata. Na haɗa launi ma, na jiƙa buroshi. Sai Faisal ya leƙo, lokacin ya gama karatu ya zama babban ma'aikaci amma bakin yana nan, ya ce, "Yalla ya Idris, bana da kwat amarya ta zo, mu ga yadda za ka yi." Na ajiye buroshin. Na ce a raina mutum ya fito a namiji, a cikin shiga ta mutunci, a shekarar da ake neman mutunci, wane mahaukaci ne zai kama ni don na bar namiji a namiji? Na ɗauki bangon yadda yake na aika Jidda. Ban gaya wa Usta ba, kuma na san ba zai gani ba. Wannan shi ne abin da na yi, ba wanda ya sa ni, zuciya ce da girman kai.

Sati biyu aka yi sabon mufattish ya shigo, saurayi mai ɗan gemu, da tsohon littafin a hammata. Shi ba ya kallon fuska, littafi yake bi. Ya ɗauki kaset ɗin, ya duba sunan, ya buɗe shafi ya bi da yatsa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "A'uzu billahi. Mace ce ta aske kai ta sa kayan maza, kuke sayarwa a Makka?" Na ce namiji ne. Ya juyo mini da littafin ya nuna hatimi huɗu. Na rantse masa namiji ne tun asali. Ya ce, "To ɗayan biyu ne. Ko wannan mace ce mai kwaikwayon maza, ko kuma shekara takwas kuna kawo wa hukuma hoton jabu." Ya sa aka kwashe kaset ɗin a kwali, ya cire ruksa daga bango da hannunsa, ya manna takarda a ƙofa. Usta yana zaune a ɗakin baya da gilashinsa, ya ji komai.

Aka ba mu rana a ofis. Na je gidan su Faisal sau uku don ya zo ya shaida cewa kuskure ne tun farko, aka ce ya yi tafiya. Motarsa tana ƙofar gida duk sau ukun. Na tattara mujallar da ya taɓa bari da bangon asali guda huɗu da na zana, na riƙe hannun Usta muka tafi. A bakin ƙofar ofis ya saki hannuna, ya gyara tsayuwa, ya ce in riƙa taka ƙasa da ƙarfi zai bi sautin.

Shugaban ofishin dattijo ne, ya san Usta shekara da shekaru. Ya jera bangon huɗu a kan tebur, ya buɗe mujallar a gefe. Ya sa aka kawo masa gilashi, ya sunkuya a kan na farko, mai mayafi ruwan toka, ya daɗe. Ya karce gefe da farce. Ya ɗago ya ce, "Wallahi ban ga inda fentin ya fara ba." Sannan ya ce maganar a fili take, an canza namiji zuwa mace an karɓi hatimi a kai sau huɗu. Mai shago zai iya cewa bai sani ba, a ci shi tara a mayar masa da ruksa, amma wanda ya zana ba shi da wannan uzurin. In ɗan ƙasa ne, a hana shi sana'ar har abada. In mai takardar zama ne, a soke ta a mayar da shi ƙasarsu. Ni ƙasarmu ban taɓa ganinta ba, ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin. Ya ce, "Waye ya zana?"

Na buɗe baki, Usta ya riga ni. Ya ce, "Ni ne. Wannan ɗan mahauci ne, madaciya yake kawo mini, ya wanke buroshi." Saurayin mufattish ya ce shi bai yarda ba, ni ne na yi ta rantsuwa a shago. Shugaban ya ɗaga bangon ya nuna masa ya ce, "Kai yaro ne. Duk Makka hannu ɗaya ne yake iya wannan, kuma na san shi tun kafin a haife ka." Ya tura takarda gaban Usta. Usta ya laluba gefen teburin kamar mai neman alƙalami, na tura masa takardar ƙarƙashin yatsunsa, ya sa hannu a ɗan karkace. Mai shago da mai zane suka zama mutum ɗaya, ruksa ta tafi ke nan ba dawowa. Mutumin da ya shekara takwas ba ya ganin tafin hannunsa ya amsa laifin zane, ni kuma ina tsaye kamar gunki, an yaba aikina yabon da ban taɓa samu ba, na kasa cewa nawa ne. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji daɗin yabon a lokaci guda, wannan ne ma ya fi ba ni kunya.

Muka fito, rana ta take. Sai da muka sha kwana ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Can ya ce, "Idris."

Na ce, "Na'am, Usta."

"Da gaske ba a ganin inda fentin ya fara?"

Na ce, "Ba a gani, Usta."

"Har a na huɗun, mai gemun?"

"Har shi."

Ya jinjina kai. Ya ce, "To me ya hana ka yin na biyar?"

Muka isa Utaibiyya, na raka shi har ƙofar gidansa. Ya mayar da takardar zamana kan shagon wani ɗan'uwansa mai rubuta allunan talla, a can na ƙarasa ƙarfina ina zana sunayen gidajen abinci. Shi kuwa ya shiga gida ya zauna, shekara uku, bai sake tambayata ba har ya rasu.